Wankin Taken Jamilatu

"Wa ya ba shi?"

Afra'u ta tsaya cak a tsakar gida da farantin shinkafar da take tsincewa. Tunda take a duniya ba ta taɓa jin muryar mahaifinta ta yi rawa haka ba.

"Na ce wa ya ba shi wannan taken?!"

Can bakin layi aka kafa rumfar biki aka tare hanya, kamar yadda aka saba a unguwar Brik ta Yawunde ranar Lahadi. Sautin fiyano ke tashi ta manyan sifiku, har kwanon rufin gidaje yana amsawa. An ɗora masa ganga mai tsalle irin ta 'yan disko, an cika shi da eko, wato amsa-kuwwa, mata sai guɗa suke suna shewa. Amma duk wannan kwalliya ba ta ɓoye shi ba. Taken Jamilatu ne, wanda Baba Garga ya tsara wa mahaifiyar Afra'u da algaitarsa tun suna saurayi da budurwa a Garwa. Rabon da a ji shi tun ranar da aka kai ta makwancinta.

Kuma kowa a unguwar ya san mai fiyanon. Taufiƙ ne, saurayin Afra'u.

"Baba... ni ce."

"Ke?"

"Wallahi ban ba shi don ya kaɗa ba. In muna hira ne nakan rera shi a hankali, ban ma san ya riƙe ba..."

Tsohon ya yunƙura zai tashi daga tabarma, tari ya sarƙe shi. Ta saki faranti ta ruga za ta riƙe shi, ya ture hannunta. Ciwon ƙirjin nan ne da ya raba shi da busa, da ransa ya ɓaci sai ya taso masa.

"Uwarki ce fa ake taka rawa a kanta a titi, Afra'u. Uwarki!"

"Ka yi haƙuri, Baba. Don Allah..."

"Ki gaya wa yaron nan kada ya ƙara tako min ƙofar gida. Maganar aurenku da na ce zan duba, to na duba. Babu!"

Ya shige ɗaki ya saki labule. Nan ta durƙushe cikin shinkafar da ta watse tana kuka mara sauti, kaji suna ta tsinta a gefenta, a waje kuma biki sai ƙara armashi yake.

Dama can jinin Baba Garga bai haɗu da na Taufiƙ ba. Yaron ba shi da aibu, ga sallah ga ladabi. Aikin ofis yake yi kafin kiriz, wato matsin tattalin arziki, ta zo ta shaƙe ƙasar, wata safiya aka tara su aka ce an rage ma'aikata, har da shi. Maimakon ya zauna a majalisa yana zagin zamani kamar sauran, sai ya samo tsohon sinte a hannun wani makaɗin coci a Tsinga, ya zauna ya koya. Shi ke ce masa sinte, mutanen unguwa fiyano suka sani. A shekarun nan wa ke da halin ɗauko ayarin makaɗa har da mai algaita, ya ciyar da su ya sallame su? Mutum ɗaya da na'ura ɗaya sun ishi biki. Shi ya sa duk lokacin da Taufiƙ ya wuce da abinsa a kafaɗa, Baba gani yake ga wanda ya zaunar masa da abokai a gida. Ko sunan abin ba ya faɗa, sai dai "akwatin nan".

Goggo Hajja kuwa, yayar Baba, mai shagon ɗinkin da Afra'u ke aiki, nata ƙorafin daban ne.

"Miji da igiyar wuta? Ranar da aka ɗauke wuta sai ku yi azumi ke nan?"

Washegari da hantsi, Goggo ta tafi kasuwar Mokolo sayen zare, sai ga Taufiƙ a ƙofar shago, baki har kunne.

"Ma chérie! Kin ji kyautata jiya?"

Afra'u ta ci gaba da taka keken ɗinki kamar ba da ita yake ba.

"Afra'u? Hasken idona, lafiya?"

"Kyauta?" Ta ɗago da idanu jajur. "Ka yanka maganar aurenmu da hannunka, Taufiƙ, shi ne kake kira kyauta?"

Cikin kuka ta gaya masa komai: taken wa ne, da abin da ya sa aka daina busa shi, da hukuncin da Baba ya yanke. Murmushin ya gudu daga fuskarsa. Ya nemi kan bandirin atamfa ya zauna.

"Innalillahi... Madina ce fa ta ce in kaɗa. Ta ji ina gwada shi, ta ce ai waƙar gidanku ce, Baba zai ji daɗi in ya ji an tuna da ita. Ita ta ce in sa ganga ma, don mata su tashi."

Afra'u ta yi wata 'yar dariyar takaici. Madina ita ce mawaƙiyar da ke riƙe masa makirufo a gidajen biki. Uwarta aminiyar marigayiya ce, babu abin da ba ta sani ba game da taken nan. Kuma duk Brik an san irin kallon da take yi wa Taufiƙ, ban da shi kansa. Kai, maza!

"Kai kaɗai ne a Yawunde ba ka san Madina sonka take yi ba."

"Don ke kaɗai nake gani ne, zuciyata."

"Adana daɗin bakinka. Ba ni za ka lallasa ba."

"Daga yau na gama aiki da ita, c'est fini. Kuma na rantse miki, ko rarrafe zan yi daga nan har Garwa, sai Baba ya yafe min. Ki nuna min ƙofar da zan bi kawai."

Ta share hawaye da gefen mayafi. Ƙofa ɗaya ta sani, ita ce Baba Na'Allah, tsohon makaɗin kalangun da ya yi yawon duniya da mahaifinta, wanda shi kaɗai ke iya kiransa da sunansa kai tsaye.

Na'Allah ya zo da yamma yana dogara sanda. Afra'u ta kai musu shayi, sannan ta laɓe a bayan ƙofa, don ba za ta iya tafiya ba.

"Garga, kuskure yaron nan ya yi, ba raini ba."

"Ya je ya yi a gidan ubansa."

"To ai mu makaɗa muna da hanyarmu, ko ka manta? Wanda ya ɓata taken wani, zuwa yake gaban mai shi ya wanke, ya yi ta yi har mai take ya ce ya wanku. Ni da kai mun wanke na mutane, an kuma wanke namu. Ba a hana mutum wanki, Garga."

Baba ya kurɓi shayi.

"Da me zai wanke? Ya iya busa ne?"

"Wannan kai za ka faɗa."

Baba ya yi dariya, ba ta daɗi ba.

"To ya zo. Da akwatin da ya ɓata shi, da shi zai wanke. Ranar da akwatin ya yi min kukan algaita, na ba shi Afra'u. In ya kasa, kowa ya kama gabansa. Kuma ba na son ganin fuskarsa, zaure ne iyakarsa."

Afra'u ta jingina da ƙofa. Ta san mahaifinta, wannan a'a ce aka sa mata riga. Amma da ta isar wa Taufiƙ da saƙon, sai ta ga ya ɗaga hannu sama yana hamdala kamar an ce gobe ne ɗaurin aure.

Haka aka fara. Kullum bayan azahar, in babu biki, sai ya zo ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya jawo wayar wuta daga shagon mai askin da ke maƙwabtaka da su. Goggo Hajja ta ɗauko ɗinkin hannunta ta zauna a bakin ƙofa, wai tana shan iska. Baba yana ɗakinsa da ke jikin zauren, labule a sake. Ya yi niyyar ba zai ce uffan ba, yaro ya yi ta shirmensa har ya gaji. Sai dai mutumin da ya yi rayuwarsa da kunne ba ya iya jin ɓarna ya yi shiru. Ko kwana uku ba a yi ba ya kasa daurewa.

"Afra'u!"

"Na'am, Baba."

"Ki ce masa ya fito da ita daga rijiya."

Ta fito zaure tana danne dariya ta faɗa. Taufiƙ ya bugi goshi.

"Eko! Eko yake nufi!"

Ya danna wani maɓalli, lambobi suka fito a ɗan gilashin da ke tsakiyar na'urar, ya yi ta rage su har suka ƙare. Da ya sake taɓawa, sautin ya fito tsirara, kusa, kamar a cikin zauren aka haife shi. Shi da ya saba lulluɓe kowane sauti da eko don mata su ce ya iya, sai ya ji kunya ta kama shi.

"Afra'u!"

"Na'am."

"Yanzu kuma mura take yi. Algaita ta hanci take magana, amma ba ta mura."

Wannan ya ci musu kwanaki. Taufiƙ ya nuna mata wani wuri da ya kira filtir, ya ce kamar taga ne, in ka buɗe sauti ya yi kaifi, in ka rufe ya dushe. Ya buɗe, Baba ya aiko cewa ta zama kukan jariri. Ya rufe, aka ce ta koma sa. Afra'u ta yi ta zirga-zirga tsakanin labule da zaure har silifas ɗinta ya tsinke.

Wata rana saƙon ya zo da zafi.

"Ki tambaye shi, wa ya gaya masa mai algaita yana tsayawa shan iska?"

Taufiƙ ya dube ta, ido waje. "To in bai tsaya ba, ta ina yake numfashi?"

"Ba ka taɓa lura ba?" Ta tsuguna nesa kaɗan da shi. "Iska yake tarawa a kumatu. Yana turo ta da kumatu, yana shaƙar sabuwa ta hanci. Sautin ba ya yankewa har a gama. Kalli..."

Ta cika kumatunta tam da iska. Ya kalle ta, ya kasa riƙe dariya.

"Wallahi ko a haka kin fi kowa kyau."

"Ehem!" in ji Goggo Hajja, ba tare da ta ɗago daga ɗinkinta ba.

Ranar ya gano yadda zai sa na'urar ta riƙa fitar da murya ɗaya tak, ta zame daga wannan sauti zuwa wancan ba tare da ta yanke ba. Da ya gwada, Afra'u ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ta waiga wajen labule. Sai ta ga ƙasan labulen ya motsa.

In aka ɗauke wuta, kuma ana yawan ɗaukewa, sai su zauna jiran ta. A irin wannan zaman ne ta tambaye shi a hankali, "Ba ka gaji ba?"

"Da me?"

"Da faɗan Baba. Ko ni ina jin nauyin wasu saƙonnin."

"Afra'u, ni godiya nake yi. Da can danna abu kawai nake ina cin abinci. Yanzu ne aka buɗe min kunne. Ko da ba ki cikin maganar..." Ya tsaya, ya gyara. "A'a, ƙarya nake. Kina ciki. Ke ce maganar gaba ɗaya."

Ta sunkuyar da kai. A ranta ta ce, Allah na gode maka da ka haɗa ni da mai haƙuri.

Abin da ya fi ba su wuya shi ne ƙarshen taken, inda algaita ke kiran sunan mai shi. A gaɓar ƙarshe sautin yakan sauka kaɗan, ya yi kamar zai faɗi, sannan ya tsaya da ƙafarsa. Taufiƙ ya daɗe a kan wannan wuri kaɗai, yana ƙara lamba yana ragewa, har ya koya wa na'urar ta riƙa yin saukar da kanta. Duk abin da ya gyara sai ya adana shi a cikin memuwar, wato ma'ajiyar na'urar. Ranar da saukar ta yi kusa da daidai, Baba ya yi kira daga bayan labule.

"Afra'u. Ki ce wa Na'Allah ya zo Juma'a, bayan masallaci."

Juma'a ta zo da yayyafi. Na'Allah ya zauna a kujerar zaure, Goggo Hajja ta ci ɗaurin ɗankwalinta na fita unguwa, maƙwabta sun cika bakin ƙofa, don labari ya daɗe da zaga layi. Afra'u na tsaye jikin bango. Taufiƙ ya yi bismilla, ya kunna, ya kira sautin da ya adana, ya ɗora yatsa.

"Fiiiiip... ip... ip..."

Wani siririn kuka ne ya fito, irin na ƙahon roban da ake sayar wa yara ranar sallah, eko na bin sa a baya. Wani a bakin ƙofa ya tuntsire da dariya.

Ya sake dannawa. Haka. Ya duba gilashin, ya koma baya, ya dawo. Afra'u ta matso kusa.

"Taufiƙ... mene ne?"

"An goge." Ya nuna mata gilashin. "Memuwar ɗin duka, an mayar da shi yadda ya fito daga kamfani. Jiya a bikin Nkomkana na rufe shi da zane na tafi la'asar. Da na dawo na tarar da Madina a tsaye a wurin, ta ce gaisuwa ta zo yi. Sautukan biki ba a memuwar suke ba, shi ya sa ban lura ba..."

"La'ilaha illallahu! Wannan yarinya!" Goggo Hajja ta dafe ƙirji. Ita da kanta ta yi mamakin yadda abin ya yi mata zafi.

Daga bayan labule muryar Baba ta fito, a gajiye.

"Na'Allah, ka ji da kunnenka. A sallami mutane."

Afra'u ba ta san lokacin da ta zube a gaban labulen ba.

"Baba, don darajar Inna! Ka ba shi zuwa la'asar kawai. Ka ji yadda ta yi shekaranjiya, ka san ya kai... Baba, ina sonsa. Ban taɓa faɗa maka da bakina ba, yau na faɗa."

Taufiƙ ya sauko daga tabarmarsa ya durƙusa, kai a ƙasa. Tunda aka fara zaman nan bai taɓa yi wa tsohon magana kai tsaye ba sai yau.

"Baba, ka gafarce ni in yi magana. Na'ura ce ta manta. Ni ban manta ba."

Na'Allah ya ɗaga masa gira, alamar ya ci gaba, tunda ba a ce a'a ba.

Ya koma gaban sinte ya naɗe hannun riga. Yana aiki yana faɗa a fili, kamar mai biya hadda.

"Baba ya ce a fito da ita daga rijiya." Ya kashe eko.

"Baba ya ce algaita ba ta sallama, faɗowa take yi." Ya gyara farkon sautin ya zama yana fita nan take.

"Ta hanci, ban da mura. Ba jariri ba, ba sa ba."

"Baba ya ce rawar murya a ƙarshe take zuwa, mai fara rawa tun farko tsoro yake ji."

"Baba ya ce sautin tsakiya na akwatin nan girman kai gare shi, a sauke shi kaɗan."

Ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda Afra'u da ta kawo su ta manta. Tana jin sa hawaye na zuba, don babu kalma ɗaya ta mahaifinta da ya bari ta faɗi ƙasa. Masu dariya a bakin ƙofa suka matso suna saurare. A hankali kukan roban nan ya riƙa kauri, yana kaifi, har ya zama abin da duk wanda ya girma a arewa zai ji ya waiga.

Ya fara taken. Ya tafi sumul, ba yankewa, har Na'Allah ya fara buga gwiwarsa da yatsu. Sai aka iso ƙarshe, wurin kiran suna. Saukar nan da ya daɗe yana koya wa na'ura ba abin da za a sake ginawa a yini ɗaya ba ne. Dole ya yi ta da hannu, da wata 'yar taya da ke gefen hagu, wadda in an murza sauti ke lanƙwasa. Ya murza.

"A'a!" daga bayan labule.

Ya sake.

"A'a! Ka jefar da ita!"

Ya ƙara murzawa.

"Kai! Yanzu kuma ko motsi ba ta yi ba!"

Ladanin babban masallaci ya fara gyaran murya a lasifika. La'asar ta kawo kai. Afra'u ta rufe ido, ta gama sallamawa.

Sai ta ji ƙarar zoben labule.

Baba Garga ne a tsaye, da 'yar shara da hula a karkace, yana haki. Ya tako zauren, mutane suka dare. Ya tsaya a kan Taufiƙ yana hararar na'urar kamar tsohuwar abokiyar gaba.

"Matsa. Ina abin da kake murzawar?"

"Ga shi, Baba."

Tsohon ya zauna da ƙyar. Ya ɗora babban yatsansa a kan 'yar tayar, ya tura ta gaba, ya dawo da ita, yana saurare da kai a karkace.

"To. Kai riƙe min numfashin. Ni zan lanƙwasa."

Taufiƙ ya ɗauko taken daga farko. Kafaɗarsu na gugar juna, saurayi na bin maɓallai, tsoho na jira da yatsa. Da aka iso wurin, yatsan ya motsa kaɗan, ɗan kaɗan ƙwarai. Sautin ya sauka, ya yi kamar zai faɗi, ya tsaya.

Jamilatu.

Afra'u ta ji shi sarai kamar an kira mahaifiyarta daga madafa. Goggo Hajja ta ja mayafi ta rufe fuska. Na'Allah kuwa bai ɓoye nasa ba, barin su ya yi suna bin gemu.

"Sake," in ji Baba.

Suka sake.

"Sake."

Kumatunsa sun cika da iska ba tare da ya sani ba, suna tashi suna sauka tare da sautin. Da suka kai ƙarshe a karo na ƙarshe, ya bar yatsansa a wurin, ya juyo ya kalli Taufiƙ ido cikin ido.

"Ba ya gajiya?"

"Ba ya gajiya, Baba. In dai akwai wuta."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali.

"Da ta rasu, ni na ajiye taken nan da kaina, don ba zan iya jin sa ba. Da zuciyata ta yi sanyi na so in kira ta ko sau ɗaya, sai ƙirji ya ƙi. Na ɗauka har in mutu ba zan ƙara ba." Ya goge ido da bayan hannu. "Na'Allah, ka shaida. Ya wanku."

"Na shaida."

Sannan ya dafa kafaɗar Taufiƙ, ya faɗa da Fulatancin da ba ya fitowa bakinsa sai abu ya kai masa zuciya.

"Mi yetti, ɓingel am. Na gode, ɗana. Ka gaya wa manyanka ina gida."

Guɗar Goggo Hajja ce ta fara tashi, ita da ta ce miji da igiyar wuta. Afra'u ta ruga cikin gida don kunya, ta faɗa kan gado tana kuka tana dariya tana hamdala, duk a haɗe.

Ba a yi wani gagarumin biki ba, zamanin bai bari ba. Amma an ci an sha, kuma Afra'u da kanta ta sa aka kai wa Madina goron gayyata. Ba don gori ba. Ta zauna ta yi tunani, ta ga da na'urar ta yi saukar nan da kanta ranar, iyaka Baba ya ce ya wanku daga bayan labule, ya ci gaba da zamansa shi kaɗai. Madina ba ta zo ba, amma an ce ta karɓi goron.

Ɗaki biyu suka samu a gangaren Nkomkana. Bayan an gama zaman amarci, wata rana da azahar Afra'u tana tuƙa tuwo sai ta ji sallama. Baba ne, da sanda da babbar riga, ya hawo tudun nan duka da ƙirjinsa, yana haki.

"Baba! Da ka aiko ai da mun zo!"

"Ni wajen 'yata na zo. Laifi ne?"

Ta shimfiɗa masa darduma, ta ruga kawo ruwa. Kafin ta dawo dardumar ba kowa. Yana can ƙuryar ɗaki kusa da surukinsa, ya riga ya yaye zanen da aka rufe sinte da shi.

"Akwai wani taken mahauta da muke yi da Na'Allah," yake cewa. "Kunna, in nuna maka. Amma wannan yana son eko kaɗan."

Taufiƙ ya ɗago ya kalli matarsa, ita ma ta kalle shi. Ta ajiye kofin ruwan kusa da ƙafar mahaifinta, bai ma san ta ajiye ba. Ta koma madafa ta ƙara gari a tukunya, don ta san yau da baƙo za a ci.